Rawar Fijon Malam Yahuza

Bilya ya fito daga ƙarƙashin motar da baƙin mai har gwiwar hannu, ya kama tayar gaba ya jijjiga ta hagu da dama. Ko gezau. Da motar wani ce, da tuni ya ce masa ya ɗauki abarsa ya ƙara gaba, lafiyarta ƙalau. To amma Fijon Malam Yahuza ce, kuma Malam Yahuza shi ya haifi Sakina, matar Bilya.

Tsohon a kan hanyar Lajawa zuwa Wudil ya ƙare ƙuruciyarsa, yana jigilar mutane da buhunansu. Motar ta girmi Sakina. Da ita ya ci da gidansa, da ita ya aurar da 'ya'yansa, ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa. Tun bayan babbar salla ya fara kukan sitiyari yana rawa. Fasinjoji suka shiga tsegumi, har wata mata ta sauka a hanya da akuyarta, ta ce ita ba ta shirya ba tukuna. Shugabannin tasha suka yi masa magana cikin girmamawa: ya gyara kafin Juma'a, ranar kasuwa, in ba haka ba sai dai ya haƙura da layi.

Bilya bakaniken ƙafar mota ne, kuma a Wudil ba a kushe hannunsa. Ya san rawa suna ta tara. Wadda ba ta zuwa sai an ba mota wuta, taya ce, ko ƙarfenta ya lanƙwashe. Wadda sai an taka birki, a birkin za a same ta. Wadda ke zuwa da ƙara a gargada, wani abu ne ya kwance a ƙafa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya kai tayoyi aka daidaita, ya sauya duk abin da ya ga ya ci, ya hau titin Kano ya tsallake gada, ya taka ta har ta fara kuka, sannan ya saki sitiyari. Ta tafi sumul abinta.

Ba a rufa mako ba sai ga Malam Yahuza ya dawo.

Kullum haka ake yi. Tsohon zai tsaya a bakin gareji, ya bar makulli a jiki, ya zura hannuwa cikin aljihun riga, ya wuce inuwar masallaci. Bilya zai bi shi ya tsuguna daga nesa, a gaisa, a tambayi gajiya da mutanen gida, idonsa bai wuce takalmin surukinsa. Tun da ya auri Sakina bai taɓa haɗa ido da shi ba, balle musabaha ko zama mota ɗaya. Shayin da yake aika masa ma dawo da shi ake yi ko kurɓa babu, Bilya ya ɗauka kunya ce irin ta manya.

A wannan zuwan tsohon ya ƙara da cewa abin ya fi tsanani in yana tsaye ana lodi, ko in ya shiga cunkoson bakin kasuwa. Bilya ya yi murna, ya ce a ransa an zo wurin, robar da injin ke zaune a kai ce ta mutu. Ya je Kano da kansa ya nemo ta, ya ɗaura, ya tayar da motar, ya ɗora kofin ruwa a kan bonet. Ruwan ya kwanta lumui.

Ranar Laraba motar ta sake dawowa.

Abin ya ci wa Bilya rai. Abokan gareji suka samu abin tsokana, wai motar ma kunyar suruki take ji, sai ya ba da baya take taka rawarta. Ya yi musu dariyar yaƙe. A gida Sakina ta ce Uwa ta gaya mata Baba ya rame, yanzu ba ya cin abinci a zaure, sai ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Bilya ya ce tunanin motar ne. Tausayin tsohon ya hana shi sakat, don ya san in aka cire shi daga layi, ba abinci kaɗai aka raba shi da shi ba.

Alhamis bayan la'asar ya wanke hannunsa, ya zare makullin, ya nufi inuwar masallaci ya tsuguna, ya yi abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, a yi mini afuwa. Ni ba ta yi mini. Ko za ka ja ta da kanka, in zauna a gefe in ji?"

Tsohon ya miƙe a hankali ya nufi motar, Bilya yana biye.

Bilya ya zagaya ya shiga gefen mai zaman banza, ya takure a jikin ƙofa, kansa a sunkuye. Ya ji kujera ta yi ƙara, ya ji an rufe ƙofa, ya ji ajiyar zuciyar tsohon. Sai wani ɗan ƙas-ƙas ya fara, zoben azurfa yana bugun sitiyari.

"Ga shi nan ta fara," in ji Malam Yahuza, murya ƙasa-ƙasa kamar mai roƙo. "Duba da kyau, Bilyaminu. Ai motar ce, ko?"

Bilya ya ɗaga kai. Sitiyarin kuwa rawa yake yi, babu ƙarya, tsohon ya ƙanƙame shi da hannu bibbiyu amma ya ƙi tsayawa. Bilya ya buɗe baki zai amsa, hawaye suka riga shi. Makullin motar yana nan cikin tafin hannunsa, bai kai ga miƙawa ba, balle a tayar da injin.