Harsashi Goma a Teburin Gunvor

Sau uku Eskil Marklund ya auna albarushin nan, sau uku hannunsa na zubar da ƙwayoyi a kan tebur. Ya share su da gefen tafinsa, ya waiga. Ba wanda ya gani, ko kuma kowa ya yi kamar bai gani ba, wanda ya fi ciwo.

A ƙungiyarmu ta maharba da ke bayan garin Lycksele ba a sayen harsashi a kanti. Kowa da hannunsa yake haɗa nasa a rumfa: ya auna albarushi, ya ɗura a kwanso, ya dasa kan harsashin da 'yar na'urar matsi. Sai a ɗora bindiga a teburin siminti, a harbi takarda sau biyar daga mita ɗari, wanda hudojinsa suka fi haɗuwa wuri guda shi ya ci. In kan harsashi ya nutse fiye da kima, ko da kaurin gashi ne, aiki ya watse. Kwanso kuwa, da zarar ya tashi a bindigarka ya ɗauki siffarta ke nan, ba ya yi wa ta wani daidai.

Shekara talatin Eskil yana wannan harka, rabin mutanen rumfar shi ya koya musu. Ranar nan gurbi ɗaya ya rage a tawagar da za ta gasar ƙasa, kuma tsakaninsa ne da Gunvor Hedlund, direbar motar katako, wadda shi ya fara ɗora mata yatsa a kunamar bindiga. Shekararsa saba'in da ɗaya, ya san baɗi hannun nan ba zai bar shi ba. Tun safe ma abubuwa ke kwance masa. Ya nemi kwansonsa goma a akwati ya rasa, ya ɗora wa mantuwa, ya ja bakinsa ya yi shiru don kada a ce tsufan ya hau kai. Da ƙyar ya haɗa harsashi goma daga abin da ya rage.

Ƙarfe goma Alvar, mai auna sakamako, ya ƙwanƙwasa murfin buta.

"Kofi ya yi. Wanda ya makara, ruwan ɗauraya zai sha."

"Taso, Tsoho," in ji Gunvor. "Ko sai na goya ka?"

"Je ki, 'yar nan. Ki rage min burodin kirfa ɗaya, in cikin naki zai yarda."

Lokacin kofi rumfa takan zama wayam, ba mai rufe akwati. Ba a rubuta a doka ba, amma a wurinmu gara ka zagi mutum da ka taɓa teburinsa. Eskil ne ma ke faɗa wa sababbi haka ranar da suka fara zuwa.

A teburin Gunvor akwai harsashi goma a gefe guda, an lulluɓe su da hankici. Ya ɗauki uku. Suka shige na'urarsa sumul, kamar sun san hanya. Ya danna kan kowanne ya nutse kaɗan, kaurin gashi biyu, abin da ido ba zai taɓa kamawa ba. Ya mayar da su, ya gyara hankicin, duk cikin minti ɗaya.

A ɗakin kofi ya tarar ta ajiye masa burodi biyu. Ya gutsuri ɗaya, ya ajiye sauran.

Daga nan ya tafi kafa tutocin nuna iska a filin harbi, ya daɗe fiye da yadda aikin ke buƙata. Sau biyu ya juyo da niyyar ya faɗa mata, sau biyu ya koma yana gyara tutar da ba abin da ya same ta. Kunya ce ta hana shi gyara abin kunya, ya kuma san hakan.

Gunvor ce ta fara, takarda biyu, biyar-biyar. Eskil ya sa ido a madubin hange, shi kansa bai san abin da yake fata ba. Biyar na farko suka shige huda ɗaya. Na biyu ma haka. Alvar ya auna, ya sake aunawa, ya ce ai wannan in ba a rantse ba, ba mai yarda cewa sau goma ta harba. Eskil ya sauke numfashi. Ya ɗauka wani akwatin ta buɗe, asirinsa ya rufu, bai kuma cuci kowa ba.

Da layi ya zo kansa, iska ta kwanta. A teburin siminti rawar hannu ba ta cin mutum, don bindiga a mazauninta take, a rumfa ne take yin ɓarna. Biyu na farko suka bi huda ɗaya, har ya fara sa rai. Na uku ya kauce da faɗin yatsa. A takarda ta biyu guda biyu suka kauce. Ya ce a ransa albarushin da ya zubar ne ya kama shi, kuma daidai ke nan, bai cancanci fiye da haka ba. Ya miƙa wa Gunvor hannu a gaban kowa, amma ya kasa kallon fuskarta.

Yana loda kaya a bayan mota ta same shi. Idanunta sun yi ja, tana murza hular hannunta.

"Tsoho, ban iya tafiya gida da wannan a raina ba."

"Kin ci, 'yar nan. Me kuma?"

"Tun makon jiya nake ganin yadda albarushi ke zube maka. Ni na ɗauki kwansonka goma da safe, na haɗa maka su ƙwaya-ƙwaya, na rufe da hankici, da ka tafi kafa tuta na musanya su da naka. Na rantse ban san inda na yi kuskure ba, ka yafe min."