Ruwan Aro

Ranar da masu tantance kwasa-kwasai za su zo, jami'a ta tuna tana da wurin ninkaya. Motocin ruwa suka yi ta sintiri, kafin hantsi ramin da awaki suka saba kwana a ciki ya cika taf, shuɗi kamar a hoton talla.

Malamin ninkaya ya tsaya a gefe yana kallon ruwan. Tun gashinsa na baƙi yake koyar da iyo a kan benci, yana jiran wannan rana. Har digiri ya ba mutane.

"Kada wanda ya taɓa," in ji shugaban sashe. "Na aro ne. Baƙi na tafiya za a zuƙe."

Baƙin suka leƙo ta tagar mota, suka gyaɗa kai, suka wuce cin abinci.

"Malam, ga dama!" in ji wata ɗaliba. "Faɗa ka nuna mana kafin masu ruwa su dawo."

"Ko tsoron mura kake?" wani ya jefo daga baya.

Ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga. Ya san kowane motsi, daga kafaɗa har yatsa. Sai dai shi ma a kan benci malaminsa ya koya masa.

Injin zuƙa ya fara ruri. Malam ya kwanta rub da ciki a bakin ruwan, ya tsoma hannu, ya ja a hankali yadda littafi ya ce.

"Ashe nauyi gare shi," ya ce.