Wandon Tela

Tela ya zo wajen mai kitso da maganar aure, yana sunkuyawa ya ɗauko zoben da ya suɓuce masa, sai ji kake ɓarrr, wando ya dare gida biyu!

Ta danne dariya. "Ka ɗinke duk unguwa, wandonka bai samu lokacinka ba. Ni ina za ka sa ni? Ba zan auri keken ɗinki ba."

Gogan ya ja riga ya rufe ɓarna. Ya zaro mabuɗin shago, ya danƙa mata.

"Kullum da yamma ke za ki rufe."

Ta kalli mabuɗin, ta kalle shi, ta miƙa yatsa. "To wandon fa?"

"Sai gobe, ranki ya daɗe. An tashi aiki."