But da Tankin Motar Baba

Ƙwam ɗaya ce, amma Ango ya ji ta har cikin haƙoransa. Ya taka birki, ya fito ya zagaya bayan motar. Wani tsohon durom ne kwance a kwanar katanga yana ta juyi. Ya kwance bargon da aka ɗaure a kan but, sai ga murfin ya lotsa, fenti ya ɓare kamar faɗin faranti.

Motar surukinsa ce, koriya, ta girmi matarsa da shekara ashirin. Baba ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kanta. Da tafiyar mako guda ta kama shi, sai ya tsallake manyan surukansa biyu ya damƙa makulli a hannun Ango, mai askin da watansa biyu kacal da auren 'yar Baba ta uku.

"Kullum da safe ka tashe ta, ka fito da ita da baya har kwanar can ta sha hantsi," in ji Baba. "Kada ka cire bargon, rana na cin fenti. Madubi kuma na saita shi, kada ka taɓa. Kai na yarda da kai."

Ranar har rawa Ango ya taka a banɗaki. Manyan surukan ma suka taya shi murna, ɗayansu har da ƙwalla. Yanzu ga shi tun safiyar farko yardar ta lotsa tare da but, kuma kwana shida suka rage Baba ya dawo.

Allah ya taimake shi, akwai lambar wani mai fenti manne a gefen sitiyari. Ya kira, ya fara kame-kame.

"Koriyar ce?" in ji mai fenti. "Kawo ta."

Mutumin ko kallon lotsawar bai yi sosai ba. Ya buɗe but, ya ɗage shimfiɗar ciki, ya ƙwanƙwasa tankin mai da ke ƙarƙashi, ya girgiza kai. Dukan ya kai har tanki, in ji shi, ga tsatsa nan ta cinye shi.

"Tsatsa kuma? Ai ɗazu-ɗazu na buge ta."

"Tsohuwar mota ce, ranka ya daɗe, ba ta da haƙuri."

Ango ya san aski, bai san ƙarfe ba, sai ya yarda. Mai fenti ya ce aiki ya yi masa yawa, in ana son ta cikin kwana biyar sai dai mai laifi ya tuɓe riga. Haka Ango ya rufe shago. Suka tsiyaye mai, suka sauke tanki, aka miƙa masa burushin ƙarfe. Kwana biyu yana kankarar tsatsa, ɗaya yana goga samfefa a murfin but, har yatsun da suka saba lallaɓa ƙeyar mutane suka yi kanta. Ya yi atishawa, baƙi ya fito. Ya yi kuka sau ɗaya a bayan wata mota mara taya, babu wanda ya gani.

A gida ya ce wa matarsa injin aski ne ke ba shi wahala. Ta dubi koren da ke cikin faratansa, ta ɗauko man shafawa sabo fil daga jaka ta ajiye masa.

Abin da ya fi hana shi sukuni launi ne. Ina za a samo irin wannan koren na zamanin da? In aka kuskure ko da ƙiris, Baba zai gane tun daga bakin titi. Mai fenti ya miƙa hannu saman kanta, ko dubawa bai yi ba, ya sauko da gwangwani mai rabin fenti. Ya fesa sau uku, but ya fito yana sheƙi daidai da bonet da ƙofofi. Tanki ya sha baƙin fenti, ya koma wurinsa. Ango ya rungume mutumin, ya ce wallahi shi waliyyi ne.

Ranar dawowa gida ya cika. Baba ko ruwa bai sha ba ya wuce gareji, surukai uku na biye da shi, autar 'ya'yansa mata na riƙe da jakarsa. Ya kwance bargon. Ya shafa but da tafin hannu, ya buɗe, ya ɗage shimfiɗa, ya daɗe yana kallon tanki. Gumi ya jiƙe Ango sharkaf. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ko ta halin ƙaƙa, sai babban suruki ya take masa ƙafa.

"Madalla da ɗan halak," in ji Baba. Ya mirgina durom ɗin da kansa zuwa cikin sito, ya kulle.

Babban suruki ya sunkuyo kunnen Ango. "Ni a gaba Baba ya ajiye mini durom ɗin, na yi bonet. Wannan na biyun ƙofofi huɗu ya sha. Kai ka ci sa'a."

Kafin maganar ta gama shiga kan Ango, Baba ya dawo yana kakkaɓe hannu, ya yi ɗage ya leƙa rufin motar da ya koɗe, sannan ya juya wajen auta: "Wai yaron nan da ke nemanki, ya iya tuƙi kuwa?"