Ƙwayoyin Tsaya-Kaɗan

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso, muna saurare.

Wani direban bas ne, fasinjoji suka laƙaba masa Tsaya-Kaɗan. Kumburin hanji ya sa shi gaba. Ba ya tafiyar rabin awa sai ya ci burki, ya suri buta, ya faɗa daji. Mai motar ya gaji da ƙorafi, ya ce in wata uku suka cika bai daina ba, ya ajiye makulli.

Ana nan sai ya ji wata likita tana gwajin ƙwaya da aka yi da sinadarin tuffa. Ya garzaya asibiti, mahaifiyarsa Inna ta maƙale sai ta raka shi. Likita ta ce rabin masu gwajin za su sha ta gaske, rabi kuwa sitaci zalla, kuma ita kanta ba za ta san wa ya samu wace ba sai an gama. Tana cikin bayanin cewa a ɓawo sinadarin ya fi taruwa, cikinsa ya murɗa, ya ruga banɗaki. Da ya dawo, sharaɗi biyu kawai ya tarar: kada ya ci tuffa, kada ya ba kowa ƙwayar.

A gida Inna ta kumbura fuska. "Wato ka sha maganin tuffa, uwarka tana kallo? Ni ba ni da hanji?"

Tun daga ranar, kullum ya tashi aiki sai ya riƙo mata tuffa guda biyu. Ya zauna a bakin tabarmarta da 'yar wuƙarsa, yana ferewa, yana yanka mata siriri saboda ragowar haƙoranta, yana ba ta labarin hanya da cikakken baki. Mutum ne da ko ƙwayar shinkafa ba ya bari ta faɗi ƙasa.

Mako uku, tsayuwa ta koma biyu. Mako shida, ya kai tasha bai taɓa buta ba! Ya sauko yana rawa, ya rungume mai sayar da tikiti, ya sumbaci robar ƙwayar a gaban jama'a. Fasinjoji ma suka fara roƙonsa ya tsaya, su ne yanzu a matse. Ya ɗaure robar a madubin gaba, duk wanda ya shigo sai ya gaishe ta.

Sai ƙwaya ta ƙare, saura kwana huɗu wa'adin mai mota ya cika.

Ya koma asibiti da Inna, ya durƙusa. "Likita, ki taimaka ki ƙaro. In babu ita, makullina ya tafi."

Likita ta buɗe ambulan mai lambarsa, ta duba, ta goge tabarau, ta sake dubawa.

"Malam, sitaci ka sha."

Ya dafe ciki, yana jiran ya ji motsi.

"Amma hoton hanjinka ya nuna sauƙi sosai," in ji ta. "Faɗa min gaskiya, ka ci tuffa?"

"Wallahi ko ɗanɗano!"

Inna ta gyara mayafi, ranta ya ɓaci an tuhumi ɗanta.

"Ke 'yar nan, ɗana ba ya ƙarya. Wata uku yana fere min biyu kullum, ko yanka ɗaya bai taɓa kaiwa baki ba. Bawan Allah, ɓawon kawai yake cinyewa."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, na ajiye muku ita nan.