Takardar Komowa

Karo na goma sha ɗaya ke nan Malam Nasidi yana kama hanyar ofishin takardu. Ya bi ta gefen tashar Kilomita Biyar, inda motocin garuruwan Buwar da Karno da Barbarati ke lodi, ko ɗaga kai bai yi ba. Ya gaji da wannan hanya, takalminsa ma ya gaji.

Shekara talatin da biyu da suka wuce ya baro Kano da ƙunshin tufafi a ka. Ya zauna a Bangi, babban birnin wata ƙasa da Faransa ke mulka, ya auri Amariya, suka haifi 'ya'ya biyar, ya kafa shago. Sau huɗu ya je gida ya dawo, kowane karo da takarda guda, wadda wani Bature ya rubuta masa a makon da ya iso. Baturen ya tambayi sunansa da garinsu, ya buga hatimi, shi ke nan. Nasidi ajami kawai yake karantawa, don haka ya naɗe ta a jakar fata, ba ya fito da ita sai gaban hukuma.

Sai gwamnati ta canza. Faransa ba ta gama tattara kayanta ba, amma 'yan ƙasa sun hau kujera, maganganu kuwa suka cika unguwa. Ana cewa duk baƙon da ya fita ba shi da takardar komowa, to ya fita ke nan. Ana cewa a iyakar Kamaru jandarmomi na sauke baƙi daga mota su bar su a daji. Ba wanda ya gani da idonsa, amma kowa ya san wanda ya ji.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo daga Kano. Wansa Sha'aibu, wanda ya rene shi bayan rasuwar iyayensu, yana kwance. Layi ɗaya ne ya hana Nasidi sukuni: "In kana so mu gana, ka zo kafin damina."

"Malam," in ji Amariya, "in ka tafi suka hana ka dawowa, mu fa?"

Shi ya sa ya ce ba zai taka mota ba sai da takardar komowa a aljihu.

Yau ma sai da rana ta take kafin layi ya zo kansa. Akawun nan ne dai, siriri mai tabarau. Ya warware takardar, ya duba, ya sauke numfashi. Da Sango, yaren ƙasar, suke magana, Sangon Nasidi kuwa na ciniki ne, bai wuce kasuwa ba.

"Baba, na gaya maka. Wannan takardar da kake nema ba taka ba ce. Ka tafi abinka."

"Ni fa mutumin Kano ne!"

"Na gani a rubuce. Ai shi ya sa." Akawun ya yi ɗan murmushi. "In ka leƙa gida, ka taho mini da lu'ulu'u ko ƙwaya ɗaya."

Nasidi ya naɗe takardarsa. Wato cin hanci, kuma ba kaza ba, ba goro ba, lu'ulu'u! Wancan akawun na makon jiya ma ya gaishe shi da wani yare da bai taɓa ji ba, yana ta dariya kamar ya ga ɗan'uwa. Raini dai iri-iri, ya sha shi.

Amariya ta sha ce masa ya kai wa Abdulgani ya duba. Abdulgani maƙwabcinsu ne, tsohon tafintan bariki, yana karanta Faransanci kamar ruwa. Amma shekara uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa su, saboda wata rigima a kan magudanar ruwa. Nasidi ya ce shi ba zai kai kukansa ƙofar mutumin da ya juyo masa ruwan wanka cikin gida ba. Taurin kai dai, Allah Ya ba shi nasa har da ƙari.

Ya koma karo na goma sha biyu. Ya koma na goma sha uku. Motoci suna fita suna dawowa, shi yana kan benci yana jira.

Ruwan farko ya sauka ranar Talata. Ranar Asabar wasiƙa ta biyu ta zo.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Nasidi bai yi kuka ba, gajiyar ta fi ƙarfin kuka. Abdulgani ya zo cikin masu gaisuwa, ya zauna, ya yi addu'a.

"Allah Ya jiƙansa, Malam Nasidi. Ashe ba ka samu zuwa ba."

"Ina zan samu? Baƙo ba shi da gata a ƙasar nan yanzu." Ya ciro jakar fatar ya jefar a kan tabarma. "Ga ta nan. Wata huɗu ina yawo da ita, ba ta tsinana mini komai ba."

Abdulgani ya ɗauka, ya warware, ya matso da ita kusa da idonsa. Ya karanta sau ɗaya, ya sake karantawa.

"Malam Nasidi, ran da Baturen nan ya tambaye ka garinku, me ka ce masa?"

"Me zan ce? Kano."

"Inna lillahi," in ji Abdulgani a hankali. "Shi Karno ya ji, garin lu'ulu'un nan na yamma, Karno kuma ya rubuta. Shekara talatin da biyu kai ɗan ƙasar nan ne, ba wanda zai tare ka a iyaka, tafiya ko dawowa."