Malamin Lissafi da Filashinsa

An yi wani malamin lissafi a wata makarantar sakandare, mutum mai tsari, wanda ko a ranar ruwan sama ba ya makara. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa, shi ne goro. Kullum akwai ɓari biyu ko uku a aljihun gaban rigarsa, kuma a nan ɗin dai yake jefa filashinsa, ɗan ƙarfen nan da bai kai tsawon yatsa ba, wanda yake adana aikinsa na kwamfuta a ciki. Murfinsa ya daɗe da tsagewa, bai ga dalilin neman wani ba. Ran da ɗalibansa za su rubuta jarrabawar ƙarshen zango da ƙarfe goma, ya yi sammako zuwa shagon buga takardu na bakin kasuwa. Tambayoyin duka suna cikin filashin, kwamfutarsa kuwa tana can gida, tafiyar awa guda a babur. Mai shagon ɗalibarsa ce a da, yanzu ta zama uwar 'ya'ya uku. Ta gaishe shi da ladabi, ta soka filashin a kwamfuta. Sunan filashin ya fito a allo, ya ɓace, ya sake fitowa. Da ta fara kwashe tambayoyin, koren layin da ke nuna ci gaban aikin ya yi ta jan jiki kamar hawainiya, ya kai rabi, ya tsaya cik.

Ta ce, "Malam, kawo in leƙa bakinsa."

Ya ce, "'Yata, me za ki gani a bakin ƙarfe? Jiya-jiya na yi aiki da shi. Injinki ne ya tsufa."

Ba ta musa masa ba, malaminta ne. Suka koma kwamfuta ta biyu, abin bai sauya ba. Ya ce lallai cutar nan ta kwamfuta ce, aka bincika tas, babu ita. Ya sa aka kashe injin aka kunna, aka sauya ramin da ake soka filashin, aka ɗauko wata wayar haɗi, har maƙwabcinsu mai gyaran rediyo ya shigo ya ba da tasa shawarar ya fita. Agogon bango ya nuna tara da rabi. A zuciyarsa Malam ya hango ɗalibai sittin zaune da biro a hannu, da shugaban makaranta tsaye a ƙofar aji. Ya sa hannu a aljihu don ya ɗan ɓantari goro ya sami natsuwa, sai ya fito da yatsunsa duk ɓarɓashi. Ya dubi yatsun, ya dubi filashin. Sai ya zare shi ya miƙa mata.

Ta ɗaga shi wajen hasken taga, ta ɗauki tsinken sakace, ta zura a hankali. Sai ga ɗan jan ɓarɓashin goro, bai kai ƙwayar gero ba, ya faɗo kan tebur. Shi ne ya tokare, ya hana filashin zama daram a raminsa. Ta hure shi, ta mayar, kafin ƙiftawar ido layin ya cika, injin buga takardu ya shiga aman su.

Tana tattara su tana murmushi ta ce, "Ashe shi ma ya koyi cin goro, Malam."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Saura minti biyar goma ta cika ya shiga aji da takardu masu ɗumi a hammata, ɗaliban da suka fara murnar an ɗage jarrabawa suka yi tsuru-tsuru. Tun daga ranar goro ya koma aljihun dama, filashi na hagu, da sabon murfinsa.

Da ya bari an leƙa tun farko, da awa guda ba ta salwanta ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.